Harsasai Bakwai na Baba Kwalba

Idan ka tambayi mutanen layin bayan asibiti wane ne Baba Kwalba, za su nuna maka wani siririn tsoho wanda ba ya taɓa komai sai ya wanke hannu har gwiwar hannu, ko da kuwa kofin shayi zai ɗauka. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin tiyata na ƙaramin asibitin da ke ƙarshen layin, amma bai taɓa yanka kowa ba, bai taɓa rubuta wa kowa magani ba. Aikinsa shi ne dafa almakashi da wuƙaƙe a tukunyar ƙarfe, jera su bisa tire, riƙe fitila in wuta ta ɗauke, goge jini daga ƙasa, sannan ya cike babban littafin ɗakin da rubutunsa mai karkata gefe guda. Duk da haka idan 'yan unguwa suka so faranta masa sukan ce masa likita, shi kuma ba ya gyara musu.

A zamaninsa likita ɗaya ne a asibitin, wani dogon mutum mara yawan magana, wanda ya riga mu gidan gaskiya tuntuni. Idan aka kawo wanda aka harba, yakan ɗaga hoton ƙashi a taga ya duba. In harsashin na kusa ya ciro shi. In kuwa ya nutse cikin ƙashi ko ya maƙale kusa da jijiya, sai ya ce a bar shi, tono shi ya fi barinsa haɗari, nama zai rufe shi su zauna lafiya. Haka aka koya masa, haka kuma ya yarda. To amma je ka gaya wa uwar da ke zaune a baranda cewa ɗanta zai koma gida da harsashi a jikinsa! Baba Kwalba ya ga abin da wannan magana take jawowa. Ya ga wanda ya daina barci. Ya ga wanda ya kai kansa wurin masu tsaga, suka yi ta tonon sa da aska har ƙafar ta ruɓe aka guntule ta.

Daga kan mai guntulalliyar ƙafar nan ya ɓullo da tasa dabarar. Yana da wani gwangwanin madara a ƙasan kabad, inda yake tara harsasan da aka ciro daga jikin waɗanda ba su tashi ba, waɗanda babu wanda ya zo nema. Idan ya ga majinyaci ya kasa haƙura, sai ya ɗauko ɗaya ya wanke, ya jefa a 'yar kwalbar allura da ta ƙare, ya toshe bakin, ya kai masa har gado. "Ga abokin gabarka nan," in ji shi, "an kama shi." Majinyaci ya kaɗa kwalbar kusa da kunnensa, ya ji ƙas-ƙas, ya yi ajiyar zuciya, ya yi barci. Kuma da yake kowane gida da ɗan bokon da zai karanta katin sallama, sai ya rubuta a katin, ya kuma rubuta a babban littafi: an cire. Likita ya sani ko bai sani ba, bai taɓa tambaya ba. Sau bakwai ya yi haka a duk tsawon aikinsa, daga nan sunan ya bi shi. Kada wani ya yi saurin zaginsa. Tausayi ne ya yi masa yawa, ilimi kuma ya yi masa kaɗan, waɗannan biyun in suka haɗu sun fi mugunta ɓarna wani lokaci.

Ta huɗu a cikin bakwai ɗin tela ce, wata bazawara mai kaifin baki da ke ɗinki a rumfa kusa da tashar mota. Ranar da 'yan fashi suka yi artabu a bakin tashar tana kan kekenta, ba ta ma ji ƙarar ba, ta dai ji kamar an maka mata guduma a ƙugu. Harsashin ya shige gaɓar da cinya ta haɗu da ƙugu ya yi zamansa. Likita ya ɗinke raunin ya ce a bar shi. Ita kuwa ta rantse ba za ta sa komai a bakinta ba sai ta ga abin da ya shiga jikinta ba sallama. Kwana uku tana kan bakanta. Ran na huɗu Baba Kwalba, wanda a lokacin gwauro ne ɗan shekara arba'in ba ɗaya, ya kai mata kwalba.

Ta juya ta a hannu, ta kaɗa, sannan ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ka cire?"

Nan ya kamata ya ce a'a. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Da hannuna."

"To," in ji ta, "mai irin wannan hannun bai kamata a bar shi yana yawo da riga maɓalli biyu babu ba. In na tashi ka kawo ta."

Wata bakwai bayan nan aka ɗaura musu aure. Ta ɗora kwalbar a kan kanta, daidai saman keken ɗinkinta, ta raɗa wa harsashin suna Mai Dalili, tunda shi ya haɗa auren. In tana taka keke kantar takan girgiza, Mai Dalili ya yi ta ƙas-ƙas a cikin kwalbarsa, ita kuma ta ce, "Ka ji shi, yana neman tukuicinsa har yau." Duk baƙon da ya shigo gidan sai an ba shi labarin. Baba Kwalba yakan sunkuyar da kai, mutane su ce kunya ce irin ta masu kirki. Allah ya ba su 'ya ɗaya. Bayanta ciki uku ya zube, suka ɗauke shi ƙaddara, suka rungumi wadda suka samu.

Shekara ashirin da biyu suka yi a haka, kuma zama ne mai daɗi, wannan kam ba ƙarya a ciki. Sai wata safiya, shekara biyu bayan ya yi ritaya, santsi ya kwashe ta a bakin famfo ta faɗi a kan wannan ƙugun. Ta tashi ta karkaɗe zani ta zagi famfon. Amma daga ranar abubuwa suka fara sauyawa a hankali, yadda ba za ka ce ga ranar da suka fara ba.

Ciwon ciki ne ya fara, irin mai murɗawa har ta duƙa ta dafe bango. Sai ta ce duk abin da ta ci ɗanɗanon ƙarfe yake mata, kamar ta tsotsi makulli. Fuskarta ta ɗashe. Matar da ke zura zare a allura tana hira ba ta duba ba, sai ga shi almakashi na suɓuce mata. Kaifin bakin da dā ake dariya da shi ya koma faɗa tsagwaronsa, ta kori masu kawo ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ta ɗinke wa wata mata hannun riga ruf, ta kuma tsaya kai da fata cewa haka aka ce ta yi. Ya kai ta asibiti sau biyar. Kowane likita ya tambayi tabon da ke ƙugunta, ita kuma ta miƙa tsohon katinta da alfahari. Likita ya karanta kalmomi biyun nan, ya ajiye katin, ya shiga neman ciwon a wani wuri. Aka ba ta maganin gyambon ciki, aka ba ta na zazzaɓi, aka ce shekaru ne. Baba Kwalba na tsaye a gefe duk lokacin, kuma har ga Allah bai taɓa kawo harsashin a ransa ba. Ai likita ya ce nama zai rufe shi.

Wata hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Wata mata ce matashiya, da farar riga da akwatin sanyi rataye a kafaɗa, ta rungumo wani abu a leda. Kafin ta buɗe ya gane babban littafin ɗakin tiyata ne, daga kaurinsa da baƙin yadin da ya liƙa masa a baya da hannunsa.

"Baba, daga ofishin lafiya na gari nake," in ji ta. "An ce rubutun littafin nan naka ne, kuma babu mai iya karanta shi sai kai da Allah."

Ya shimfiɗa mata tabarma a zaure. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ofishinsu ya fara bin diddigin duk wanda ke yawo da harsashi ko ɓarɓashinsa a jiki. Waɗanda aka harba kwanan nan asibitoci ke turo sunayensu, tsofaffi kuwa sai an tono su daga irin wannan littafin. Kowa a ba shi lamba, a ɗebi jininsa a auna, bayan 'yan watanni a sake, in abin ya hau a tura shi magani.

"Auna me, 'yata?"

"Dalma, Baba. Harsashi ai dalma ce. Dā ana cewa a bar shi ba ya komai, kuma ga mutane da yawa haka ne. Amma in ya zauna a gaɓa, ruwan gaɓar yana lasar sa kullum kamar alewa a baki. Ya yi ta narkewa yana shiga jini, shekara da shekaru. Wani sai ya faɗi ko ya bugu a wurin abin yake tashi."

"Me yake sa wa mutum?"

Ta fara lissafawa da yatsu. Murɗawar ciki. Ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ƙarancin jini. Hannu ya saki daga wuyan hannu. Saurin fushi, mantuwa, ruɗewa. Mace kuma ciki ya riƙa zube mata. Tana lanƙwasa yatsa ɗaya bayan ɗaya, daga cikin gida kuma ana jiyo keken ɗinki yana tafiya, da ƙas-ƙas ɗin nan a bayansa.

"Waɗanda aka cire musu fa?" ya tambaya.

"Su ai sun tsira, ba ruwanmu da su." Ta buɗe littafin ta nuna masa. Duk inda aka rubuta an cire ta riga ta ja layi da fensir ta wuce. Ya bi layukan da ido. Na gaskiya suna da yawa, amma bakwai ɗinsa ya gane su kamar yadda uba ke gane 'ya'yansa a cikin taro.

Kwana huɗu yana raka ta gida-gida, yana karanta mata sunaye, yana nuna mata lunguna. Mace ce mai ƙwazo, ba ta gajiya da bayani, ko an kore ta takan dawo. Ta ɗebi jinin wani direba, da wata mai sayar da gawayi, da wani malamin makaranta da ya ce shi lafiyarsa ƙalau amma ya miƙa hannu. Kowane jini a 'yar kwalbarsa, kowace kwalba da lambarta. Baba Kwalba yana kallon kwalaben suna jeruwa a akwatin sanyi, girmansu ɗaya da nasa na dā.

Ran na uku da tsakar rana suka bi ta gaban shagon wani kafinta. Shagon tsit, ba ƙarar zarto ba ta guduma, katakai jingine sun yi ƙura. Kafintan na zaune a benci yana kallon titi, hannayensa biyu bisa gwiwa, sun lanƙwashe daga wuyan hannu suna reto kamar an rataye su. Baba Kwalba ya ƙara sauri, amma malamar lafiya ta ja ta tsaya.

"Sannu, Baba. Tun yaushe hannunka ya yi haka?"

"Shekara uku ke nan. An ce iska ce ta buge ni."

"An taɓa harbinka?"

Fuskar kafinta ta washe. "An taɓa, a gwiwa. Amma an cire. Ga ma wanda ya cire ɗin nan tare da ke!" Ya ɗaga haɓa ya nuna ƙusa a jikin bango. Kwalba ce rataye da zare, ta yi baƙi don tsufa. Ya yi murmushi, a saman haƙoransa, a jikin dasashi, akwai wani siririn layi shuɗi-shuɗi. Malamar ta daɗe tana kallon bakinsa. Ta buɗe littafi ta nemo sunansa, ta ga layin fensirinta, ta sake kallon kwalbar. Gani ya kori ji, ga harsashi a rataye. Ta rufe littafin a hankali ta ce ya daure ya je asibiti a duba shi.

Da za su tafi kafinta ya miƙo hannu don su gaisa. Hannun bai miƙu ba, ya zo a lanƙwashe, sanyi ƙalau, ya kwanta a tafin Baba Kwalba. "Likita," in ji shi, "kullum ina sa ka a addu'a."

A hanya ya gwada wata dabarar, don mai dabara ba ya saurin tuba. "'Yata, da kin ɗebi na gwaggonki, matata, ma, ko don ta ga ana yi da ita."

"Baba, kowace kwalba da lambarta take zuwa, daga littafin nan. Wanda ba ya cikin jerin, ɗakin gwaji ba ya karɓar jininsa. Ita kuma ai kai da kanka ka rubuta."

Ya san abin da ya rage, kalma ɗaya ce, amma ta fi ƙarfinsa. Tsoro yake ji, tsoro zalla. Ba na ofis ba, ba na unguwar da za ta daina ce masa likita ba. Tsoron idon matarsa yake ji, ranar da za ta san cewa abin da ta gina aurenta a kai, ta ba kowane baƙo labarinsa, ƙarya ce a cikin kwalba. Ya ce wa kansa gobe. Gobe ta zo ya sake cewa gobe.

Ran na huɗu da la'asar ya dawo ya tarar da 'yarsu tsaye a tsakar gida ta rungume hannu, idanunta sun yi ja. "Baba, shiga ka ga Inna. Tun azahar take haka."

Keken na tafiya da gudu. Babu yadi a ƙarƙashin allurar, babu zare, tana ta takawa tana tura iska da hannu biyu, tana gyara ta a nutse. Abin da ya fara lura da shi shi ne ba ya jin ƙas-ƙas. Ya duba kanta, babu kwalba. Ta ɗaure ta a ƙugunta da ƙyalle, daidai kan tabon.

"Tela," ya ce, kamar yadda yake kiran ta tun farko, "me ya sa kika ɗaure Mai Dalili a nan?"

Ba ta daina takawa ba. "Kuka yake yi. Wurin ɗan'uwansa yake so."

"Wane ɗan'uwa?"

"Na ciki mana." Ta faɗa kamar mai cewa ruwa ya tafasa. "Wannan ai ba nawa ba ne, Malam. Na mutumin nan ne. Kullum da rana tsaka yana zuwa ya tsaya a bakin ƙofa, ba ya cewa komai, kallon kanta kawai yake yi. Mai jar riga, hannu ɗaya a yage. Ka ba shi abinsa ya tafi."

Bai waiwaya ƙofar ba, ya kasa. Harsashin da ke kwalbar daga ƙirjin wani baƙo aka ciro shi, wanda aka kwaso daga bakin tashar a ranar da aka kawo ta, aka binne shi ba wanda ya san sunansa. Shi ya yanke jar rigar da almakashi, daga wajen yagaggen hannun. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ƙila ta gan shi a tashar kafin ya faɗi, ƙila ciwo ne ya tono mata shi daga inda ya kwanta. Haka ya gaya wa kansa, haka kuma yake gaya wa kansa har yau.

Washegari tun ana share barandar ofishin lafiya ya isa. Ya ajiye gwangwanin madara a teburin malamar, da sauran harsasai uku a ciki, don ya taho da shi gida ranar ritaya ba tare da ya san dalili ba. Ya karɓi littafin ya buɗe shafi bakwai ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora yatsa a kan kowane. Bai ƙawata maganar ba, bai nemi uzuri ba.

Ta ɗago ta dube shi. "Baba, kwana huɗu kana tafe da ni. Kana tsaye na rufe littafi a gaban kafinta." Ya ce haka ne. "Gwaggo kuma, kana jin ina lissafa maka." Ya ce haka ne. Ta ɗauki magogi ta shiga goge layukan fensirinta da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa, ta rubuta sababbin lambobi bakwai, ta rataya akwatinta. "Tashi mu je. Faɗan da zan yi maka ba zai rage wa kowa dalma ba."

Cikin bakwai ɗin, biyu sun riga sun rasu, kuma babu wanda zai iya cewa me ya kashe su. Ɗaya ya bar gari, har yanzu ana cigiyarsa. Biyu jininsu ya fito da sauƙi, nasu a nama yake, aka sa su a jerin waɗanda za a riƙa dubawa. Kafinta aka kwantar da shi a makon, aka yi masa aiki a gwiwa. Da aka gaya masa gaskiya bai yi zagi ba. Ya sa aka ciro kwalbar daga ƙusa aka aika wa Baba Kwalba ita, ba tare da saƙon komai ba. Har 'yarsu sai da aka ɗebi jininta, tunda a cikin wannan jikin ta kwanta wata tara.

Na Tela kuwa, ɗakin gwaji da kansu suka bugo waya suna tambaya ko mai jinin tana tafiya da ƙafarta. A babban asibiti aka ɗauki hoton ƙugunta. Wata likita ta manna shi a jikin fitila, Baba Kwalba ya matso, shi da ya ga ɗaruruwan irin hoton nan, yana neman ɗan farin abu mai tsini. Babu shi. Sai wani fari-fari da ya lulluɓe gaɓar gaba ɗaya ya bi gefen ƙashi, kamar hayaƙi.

"Ina harsashin?" ya tambaya.

"Shi ne wannan duka," in ji likitar. "Abin da ya rage ke nan. Sauran yana jininta da ƙasusuwanta." Ta ce za su wanke gaɓar, za su ba ta maganin da ke fitar da dalma. Ciwon ciki zai lafa, jini zai dawo, hannu ma ƙila. Da ya tambayi batun hankalinta sai ta dubi takardar gabanta ta ce, "Da an zo da wuri."

Haka kuwa aka yi. Bayan wata biyu Tela ta dawo gida, ta yi kyan gani, tana cin abinci, faɗan ya tafi. Shiru ne ya maye gurbinsa, da wani irin ladabi da ba a san ta da shi ba. Wasu ranakun takan kira 'yarta da sunanta, wasu ranakun ta tambaye ta ɗinkin me ta kawo. Mai jar riga dai ba ta sake ambatonsa ba.

Wata safiya da ya ga idonta ya washe, ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya shiga ɗakin ya zauna a kujerar masu jiran ɗinki. Tana zaune gaban keke, kwalbar na hannunta. Ya faɗa mata komai daga farko, da gwangwanin, da katin, da abin da likita ya ce, da cikin nan uku. Ya ce ba shi ya cire ba, ba wanda ya cire, ƙarya ya yi mata don ta ci abinci, daga baya kuma ya ci gaba da yi don kada ta bar shi. Yana magana hawaye na bin gemunsa. Ya gama ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya shekara ashirin da biyu yana tsoro. A wannan lokacin da ta zage shi da ya ji daɗi.

Ta saurare shi har ƙarshe. Sannan ta jawo mayafi ta rufe kanta, yadda take yi in baƙo ya shigo. Ta ƙura masa ido, can sai fuskarta ta yi haske.

"Af! Na gane ka. Kai ne ma'aikacin asibitin nan, wanda ya cire min." Ta kaɗa kwalbar kusa da kunnenta ta yi murmushi. "Ka ga har yau ina ajiye da shi. Bawan Allah, ban taɓa yi maka godiya yadda ya kamata ba. Kada ka tafi. Zauna maigidana ya dawo, shi ma ya gode maka, mutumin kirki ne."

Ya goge fuskarsa da hannun riga.

"To," ya ce. "Zan jira shi."

Ya gyara zama a kujerar, suka fuskanci ƙofa su biyu.